Yaƙin Koriya (1950–1953)

Yaƙin Koriya yaƙi ne da aka gwabza tsakanin Koriya ta Arewa da Koriya ta Kudu daga 25 ga Yuni, 1950 zuwa 27 ga Yuli, 1953. Sin da Tarayyar Sobiyet sun mara wa Arewa baya. Amurka da wasu ƙasashe 15 suka taya Kudu yaƙi a ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, ciki har da Habasha wadda ta tura bataliyar Kagnew. Wuta kawai aka tsagaita, ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Asali

Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945. Da ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka raba ƙasar a kan layi na 38, wato layin taswira da ke digiri 38 arewa da ikwaita: sojojin Sobiyet a arewa, na Amurka a kudu. Wasu hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, su ne suka zaɓi layin a kan taswira, domin Seoul, babban birnin ƙasar, ta faɗo ɓangarensu. A 1948 aka kafa gwamnatoci biyu, ta Syngman Rhee a kudu da ta Kim Il Sung a arewa, kowacce na cewa ita ce mai ƙasar baki ɗaya.

Yadda aka gwabza

Arewa ta afka da tankoki samfurin T-34, Kudu kuwa ba ta da tanka ko ɗaya. Seoul ta faɗi cikin kwana uku. Sojojin Kudu sun tarwatsa gadar Kogin Han tun jama'a na kanta, suka datse wa dubban sojojinsu hanyar ja da baya. Kwamitin Sulhu ya amince da kai ɗauki ne saboda wakilin Sobiyet na ƙauracewa zama a kan batun kujerar Sin, babu mai hawa kujerar naƙi.

Zuwa Agusta an matse dakarun Kudu da na Amurka a kusurwar Pusan. Ranar 15 ga Satumba Janar Douglas MacArthur na Amurka, kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sauke sojoji ta ruwa a Incheon, inda tekun ke cika ya janye da kusan mita 9, don haka sa'o'i kaɗan ne jiragen ruwa ke iya kusantar gaɓa. Wannan ya katse wa Arewa hanyar abinci da harsasai. Sai dai da dakarunsa suka tsallake layi na 38 suka doshi Kogin Yalu da ke iyaka da Sin, Sin ta shigo a Oktoba ƙarƙashin Peng Dehuai ta koro su. Sau huɗu Seoul na fita daga hannu zuwa hannu. A Afrilun 1951 Shugaban Amurka Harry Truman ya tuɓe MacArthur, wanda ke neman a kai yaƙin cikin Sin.

Daga nan yaƙi ya koma na ramuka da tsaunuka.

Tsagaita wuta

An soma tattaunawa a Kaesong cikin Yulin 1951, aka koma Panmunjom. Batun fursunoni ne ya fi ja: Arewa da Sin na son a mayar da kowa gida, Amurka ta ce sai wanda ya yarda. Bayan mutuwar shugaban Sobiyet Stalin a Maris na 1953 aka sassauto. Fursunoni kusan 22,000 suka ƙi komawa, yawancinsu Sinawa da suka tafi Taiwan. Rhee ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wutar. An shata yankin da aka haramta girke soja, faɗinsa kilomita 4, tsawonsa kusan 250.

Ana ƙiyasta mamata tsakanin miliyan biyu da rabi zuwa uku, galibi farar hula. Alƙaluman sun sha bamban.

Tasirin siyasa

A Arewa, Kim ya ɗora wa abokan hamayyarsa laifin gazawar. An kashe Pak Hon-yong, tsohon ministan harkokin waje, wajen 1955 ko 1956. Daga baya aka riƙa jera 'yan ƙasa aji-aji bisa asalin iyali da abin da iyayensu suka yi lokacin yaƙin. Ruwan bama-baman da Amurka ta yi wa biranen Arewa na cikin hujjojin da gwamnatin ke kafawa kan makaman nukiliyarta, da ta fara gwadawa a 2006.

A Kudu, yarjejeniyar tsaro ta 1953 ta zaunar da sojojin Amurka, kimanin 28,500 a 'yan shekarun nan. Ikon ba sojojin Kudu umarni, wanda Rhee ya miƙa wa MacArthur a Yulin 1950, ya dawo hannun Seoul a 1994, amma na lokacin zaman lafiya kaɗai. Gwamnatocin soja sun yi ta amfani da Dokar Tsaron Ƙasa ta 1948 wajen ɗaure 'yan adawa.

Shugabannin ɓangarorin biyu sun gana a 2000, 2007 da 2018.