Fasahar Kwamfuta a Tiyatar Sauya Gaɓa

Tiyatar sauya gaɓa aiki ne da likitan ƙashi ke cire ɓangaren gwiwa ko ƙugu da ya lalace, galibi bayan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsi, ya sa na ƙarfe da roba mai tauri a madadinsa. Likitan Ingila John Charnley ne ya ɗora aikin a kan turbar da ake bi yau, da ƙugun wucin gadi da ya daidaita a asibitin Wrightington a 1962. A lokacin, ido da hannun likita da 'yan ƙarafan awo su ne ma'auni. To amma idan yankan ƙashi ya karkace ko da kaɗan ne, gaɓar kan iya ciwo, ko gocewa, ko saurin zaizayewa. Wannan gurbin kwamfuta ta shigo cikewa.

A 1992 aka fara amfani da na'urar ROBODOC a jikin mutum a Kalifoniya, wadda ke ƙwaƙule ƙashin cinya da kanta. A 1997 likitoci a Grenoble ta Faransa suka sauya gwiwa da jagorancin kwamfuta. Kasuwar ta buɗe sosai bayan kamfanin Stryker ya sayi kamfanin Mako, mai ƙera na'urar tiyata mai hannu, a 2013 kan dala biliyan 1.65. Da na'urar Mako, ana ɗaukar hoton CT, wato hoton cikin jiki da kwamfuta ke haɗawa, kafin aiki, a zana siffar ƙashin majinyacin a kwamfuta, a tsara inda za a yanka. A ɗakin tiyata likita ne ke riƙe da hannun na'urar, amma da zarar zarton ya nufi wajen iyakar da aka shata, sai ta tsaya cak. Saboda haka kuskure ne a ɗauka mutum-mutumi ke yin aikin shi kaɗai. Akwai kuma na'urorin ROSA da CORI, masu iya auna gaɓar ana cikin aiki ba tare da CT ba.

Ƙirƙirarriyar basira kuwa ta fi aiki a bayan fage. Ana horar da manhajoji su karanta hoton ƙashi, su ba da shawarar girman ƙarfen da ya dace, su gane samfurin tsohon ƙarfe kafin a sake aiki, ko su yi hasashen wanda rauninsa zai iya harbuwa. Ingancinsu ya dogara ga bayanan da aka koya musu, irin na rajistar tiyatar sauya gwiwa da ƙasar Suwidin ta buɗe tun 1975. Manhajar da ta koya daga jama'a iri guda tana iya kuskure a kan wasu, kuma wannan matsala ce da bai kamata a yi wasa da ita ba.

Bayan sallama, waya da agogon hannu na ƙirga taku suna tuna wa majinyaci motsa jiki. A 2021 Amurka ta amince da Persona IQ, gwiwar da aka dasa wa na'urar auna taku da saurin tafiya.

Cewa waɗannan na'urori na ƙara daidaiton yanka, wannan ya tabbata. Abin da bincike bai kai ga tabbatarwa ba shi ne ko gaɓar za ta fi daɗewa, ko ciwon zai fi raguwa. Ƙididdigar da aka daɗe ana ambata ita ce kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya gamsuwa bayan sauyin gwiwa, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna na'urar da tsadarta ta fi ƙarfin yawancin asibitocin duniya.