Harbin ɗan fashi don kare kai: inda doka ta ba ka dama da inda ta tsaya

A majalisun Kaduna, daga Rigasa har Kawo, da zarar zancen tsaro ya taso ba a rasa mai cewa, "Ni dai duk wanda ya haura mini katanga, gawarsa za a ɗauka." Ba na ganin baiken mai faɗin haka. Wanda ya taɓa kwana yana jin harbi a layin bayansa, ko aka ɗauke ɗan'uwansa a hanyar Birnin Gwari, ba a buƙatar a yi masa bayanin abin da tsoro yake sa mutum ya furta. Sai dai doka ba ta amince da wannan magana gaba ɗayanta ba, kuma ɓangaren da ta ƙi ɗin shi ne yake kai mutanen kirki gidan yari.

Idan ka harbi ɗan fashi, tambayoyi biyu ne za su biyo ka, kuma kowace zaman kanta take yi. Ta farko: harbin ya halatta? Ta biyu: bindigar da ka yi harbin da ita, kana da izinin riƙe ta? Mutum yana iya tsira a ta farko ya faɗi a ta biyu.

Mu fara da harbin. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 33, ya ce kowa yana da haƙƙin rayuwa. Wannan "kowa" ya haɗa har da ɓarawo. Amma sashen ya ci gaba da cewa ba za a ɗauka an tauye wa mutum wannan haƙƙi ba idan ya mutu sakamakon ƙarfin da aka yi amfani da shi, daidai gwargwadon buƙata kuma yadda doka ta yarda, wajen kare wani daga farmakin da bai halatta ba ko wajen kare dukiya. To ina ne doka ta fayyace wannan gwargwado? A Arewa, dokar Final Kod ce, wato kundin dokokin laifuffuka, wadda ta fara aiki a 1960, ta yi wannan aiki a sassa na 59 zuwa 67. Jihar Kaduna ta sake rubuta tata dokar a 2017, zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, lambobin sassa suka sauya, amma ginshiƙan kare kai suna nan yadda aka san su. Lambobin da zan ambata na tsohon kundin ne, wanda yawancin hukunce-hukuncen manyan kotuna suka ginu a kansa.

Dokar ta ce kana da damar kare jikinka da jikin wani, da dukiyarka da dukiyar wani. Saboda haka idan maƙwabcinka ne aka rutsa, ka kai masa ɗauki, kana cikin inuwar doka kamar yadda shi ma yake. Sannan ta sa sharuɗɗa biyu masu nauyi. Sashe na 62 ya ce kada cutarwar da za ka yi ta wuce wadda ake buƙata don kariyar. Sashe na 63 ya ce babu damar kare kai idan akwai lokacin da za a iya neman agajin hukuma. Wannan na biyu yakan ba mutane haushi, kuma na fahimci dalili, domin akwai ƙauyuka a Giwa da Chikun da Kajuru waɗanda kafin jami'i ya iso an gama komai. Amma sharaɗin bai ce sai ka kira 'yan sanda alhali bindiga na kan ƙirjinka ba. Abin da yake hanawa shi ne ka san inda ɓarawonka yake kwana, ka ɗauki makami da safe ka bi shi can.

Kare kai iri-iri ne, kuma ba kowanne ne ya kai ga kisa ba. Doka ta ware wuraren da kariyar za ta iya kaiwa ga ɗaukar rai. A kan jiki, sashe na 65 ya ambaci farmakin da mai hankali zai ji tsoron zai kashe shi ko ya yi masa mummunan rauni, da fyaɗe, da yunƙurin sace mutum ko garkuwa da shi. A kan dukiya, sashe na 66 ya ambaci fashi, da fasa gida cikin dare, wato tsakanin faɗuwar rana da fitowarta, da cinna wuta a gidan da mutane ke zaune ko wurin ajiyar kaya. Sata kuwa, ko ɓarna, ko kutse cikin gida, ba su kai ga kisa ba sai idan yanayin ya nuna cewa in ba ka kare kanka ba rai zai salwanta ko a ji mummunan rauni.

A nan ne bambancin sata da fashi yake da muhimmanci, domin a bakinmu duk ɓarawo ne, amma a kotu ba haka ba ne. Sata takan zama fashi idan ɓarawon ya ji wa mutum ciwo, ko ya tsare shi, ko ya tsorata shi da cewa yanzu-yanzu zai kashe shi ko ya raunata shi don ya samu abin da ya zo ɗauka. Yaron da ya zare waya daga aljihunka a cunkoson Kasuwar Barci ya ruga, sata ya yi. 'Yan sharan da suka tare ka da adda da wuƙa suka ce ka miƙo wayar, fashi suka yi. Harbin yaron da ya zare waya ba shi da mafaka a doka ko kaɗan.

Ɗauki misalin wani ɗan kasuwa mai bindigar farauta da lasisinta. Ƙarfe biyun dare ya ji ana dukan ƙofar gida da guduma, ya leƙa ta taga ya ga mutum uku, ɗaya riƙe da bindiga. Matarsa da yara suna ɗakin ciki, katangar baya doguwa ce, babu ta inda za a fitar da su. Ƙofa ta ɓalle, mai bindigar ya sako kai yana nuna ta, maigida ya danna kunama, mutumin ya faɗi. Wannan harbi yana cikin abin da doka ta yarda da shi: fasa gida ne cikin dare, fashi ne, kuma rai yana cikin haɗari a daidai wannan lokaci.

Sauran biyun suka juya da gudu. Idan maigida ya tsaya nan, ya rufe abin da ya rage na ƙofa, ya kira caji ofis, matsayinsa mai ƙarfi ne. Idan kuwa zuciya ta ɗebe shi ya bi su waje, ya harbi ɗaya a baya yana ƙoƙarin hawa babur, ko ya dawo kan wanda ke kwance yana nishi, bindigarsa ta faɗi can gefe, ya ƙara masa harsashi, to kiɗa ya canza. Mutum ɗaya ne, dare ɗaya, bindiga ɗaya, tazarar ba ta fi minti guda ba, amma harbin farko kariya ne, na biyu kisan kai. Likitan da zai duba gawa zai rubuta ta inda harsashi ya shiga, ta gaba ko ta baya, daga nesa ko daga kusa, kuma wannan takarda takan fi bakin shaidu goma nauyi a gaban alƙali.

Kotun Ƙoli ta sha nanata abubuwan da take nema kafin ta karɓi hujjar kare kai. Tana so ta ga ba kai ne ka tsokano rigimar ba, kuma haɗarin na nan take ne ba na jiya ko na gobe ba. Tana so ta ga babu wata hanyar tsira mai aminci da ka bari, kuma ɗaukar ran ya zama dole. Wanda yake ganin waɗannan sharuɗɗa a takarda kawai suke, ya dubi shari'ar Sunday Jackson, manomin nan na jihar Adamawa. A 2015 wani makiyayi ya kai masa hari da wuƙa a gona, ya ji masa rauni, shi kuma ya ƙwace wuƙar ya daɓa wa maharin, ya mutu. Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa da ya ƙwace makamin haɗarin ya kau, yana iya gudu. Mai shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa wa sauran alƙalan, kuma ni ma ina ganin an auna mutumin da ke zubar da jini da ma'aunin wanda ke zaune lafiya a inuwa. Amma ra'ayina ba ya sauya abin da ke ƙasa: hukuncin mafi rinjaye shi ne ƙananan kotuna za su bi, har da na Kaduna. Idan an yi wannan tsanani a kan wuƙar da aka ƙwace a hannun mahari, mai bindiga ya san abin da ke jiransa.

Akwai matsakaicin mataki. Wanda ya fara da kare kai na gaskiya, da zuciya ɗaya, ba tare da shiri ba, amma ya wuce gona da iri har aka rasa rai, sashe na 222 ya fitar da shi daga kisan da hukuncinsa kisa ne. Sai dai laifi ne har yanzu, kuma ɗaurinsa yana iya kaiwa rai-da-rai.

Masu kafa hujja da addini su ma su lura. Gaskiya ne hadisi ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne, amma malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa ana tunkuɗe mahari ne da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi, kuma idan ya juya baya ba a bin sa da kisa. Dukan ɓarawon da aka riga aka kama, ko rataya masa taya, ba shi da gurbi a shari'a ko a Final Kod. Doka ta ba kowa damar kama mai laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba.

Yanzu ita kanta bindigar. Makamai da harsasai suna cikin abubuwan da Tsarin Mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya, kuma Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku. Rukunin farko haramtattu ne, ba mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa: bindigogin soja irin su AK-47, da masu sarrafa kansu, da gurneti, har da fistol da libarba. Mutane da yawa suna zaton ƙaramar bindigar aljihu ita ce mai sauƙin izini, alhali tana sahu ɗaya da kayan yaƙi. Rukuni na biyu su ne irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake. Na uku su ne na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin bindigar toka ta maharba, waɗanda suke ƙarƙashin ikon Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Lasisi ba haƙƙi ba ne da za ka ce dole a ba ka. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Kuma na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya. Lasisin Baba ba ya rufe ɗansa, na maigida ba ya rufe maigadi.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Riƙe haramtacciyar bindiga ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne, na rukuni na biyu kuma yana iya kaiwa shekara biyar. Dokar Fashi da Makami ta 1984, wadda ta tanadi kisa ga ɗan fashin da ya yi amfani da makami, ita ma a sashe na 3 ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga mai riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Don haka ɗan kasuwar can, da a ce fistol ce ya sayo a ɓoye, kotu tana iya wanke shi daga kisa ta kuma ɗaure shi a kan makamin.

Kalaman 'yan siyasa ba sa canza wannan. A 2022 Gwamna Bello Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar cewa an dakatar da ba da sabon lasisi. Wannan ya bar talaka a tsaka mai wuya, domin ɗan bindigar daji ba ya neman izinin kowa, kuma ina ganin gwamnatin da ta hana mutum makami ta ɗora wa kanta nauyin isowa da wuri idan ya kira. Amma alƙali da abin da ke rubuce zai yi hukunci, kuma katin ɗan sintiri na unguwa ba lasisin bindiga ba ne.

Idan abin ya riga ya faru, sa'o'in farko suna da tasiri ƙwarai. Kira 'yan sanda da kanka, ka sanar da mai unguwa. Idan wanda ka harba yana da sauran numfashi, a nema masa asibiti, domin hakan yana nuna ba kisa ka nufa ba. Kada ka ja gawa, kada ka tsince kwanson harsashi, kada ka taɓa makamin maharin, kada ka gyara ƙofar da aka ɓalle kafin a gani. Waɗannan su ne shaidunka. Miƙa bindigarka tare da lasisinta. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauya, kuma yana da kyau ka yi amfani da ita, domin duk wanda ya ce kare kai ya yi, ya riga ya amsa cewa shi ya yi harbin, abin da ya rage shi ne dalili. Kalma ɗaya da aka rubuta cikin ruɗu a caji ofis, irin "na bi shi" ko "na ƙarasa shi", tana iya zama ginshiƙin tuhuma.

Ka kuma sa a ranka cewa ko da gaskiyarka a fili take, za a iya tsare ka. Batun rai ne, 'yan sanda za su bincika, a tura fayil Ma'aikatar Shari'a ta jiha don ta ba da shawarar ko a gurfanar da kai ko a sallame ka. Idan aka tuhume ka da kisan da hukuncinsa kisa ne, Babbar Kotu ce kaɗai ke da ikon ba da beli, kuma ba kasafai take bayarwa ba. A gaban kotu, da zarar ka kawo abin da ke nuna kare kai ka yi, nauyin rushe wannan hujja yana kan masu gabatar da ƙara. Wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya, iyalinsa su nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa da ke Kaduna tun ranar farko, kafin a ɗauki jawabinsa.