Ba Zane Kaɗai Ba Ne

Mutane da dama sun ɗauka mai yin littafin yara da hotunansa ke miƙewa idan an buɗe shafi zane kawai yake yi, sauran aikin na inji ne. Sam, ba haka ba ne. Kafin a sa launi, sai ya yanka farar takarda mai kauri, ya ninke, ya manna, ya yi ta buɗewa yana rufewa har hoton, misali jirgin ruwa, ya tashi tsaye, ya kuma kwanta bai yage ba. Shi ya sa ake ce musu injiniyoyin takarda. Vojtěch Kubašta, wani sanannen mai yin irin waɗannan littattafai na birnin Prag a ƙasar Czech, shi ma ilimin gine-gine ya karanta. Inji na bugawa yana yankewa, amma hannun mutum ke manna guntayen a kowane kwafi.