Pride and Prejudice, littafin Jane Austen

Pride and Prejudice ƙagaggen labari ne na Ingilishi da Jane Austen (1775–1817) ta rubuta, aka buga shi a Landan ranar 28 ga Janairu, 1813. Sunan yana nufin girman kai da saurin yanke wa mutum hukunci tun ba a san shi ba.

An haifi Austen a ƙauyen Steventon da ke Hampshire, inda mahaifinta yake limamin coci. Ta kammala rubutun farko a 1797 da sunan First Impressions. Mahaifinta ya tallata shi ga mai buga littattafai Thomas Cadell, shi kuwa ko dubawa bai yi ba. Tsakanin 1811 da 1812 ta sake gyara shi a Chawton, ta rage masa tsawo, sannan ta sayar wa Thomas Egerton haƙƙin mallakarsa ɗungurungum a kan fam 110. Cinikin bai yi mata daɗi ba: an yi bugu na biyu a shekarar, ribar kuwa ta Egerton ce. Littafin ya fito cikin juzu'i 3, babi 61, babu sunanta a bango.

Duk da soyayyar da ke ciki, gado ne ƙashin bayan labarin. Mista Bennet yana samun fam 2,000 a shekara daga gidan gonarsa, Longbourn, amma sharaɗin gadon gidan ya ce namiji kaɗai zai gaje shi. 'Ya'yansa biyar kuwa mata ne: Jane, Elizabeth, Mary, Kitty da Lydia. Ranar da ya mutu, Mista Collins, wani ɗan uwansa na nesa, zai karɓe gidan, kowace yarinya ta tashi da abin da bai wuce fam 1,000 ba. Wanda ya gane wannan ba zai ga baiken mahaifiyarsu sosai ba kan rawar jikin da take yi wajen neman surukai, ko da yake marubuciyar ta mayar da ita abin dariya. Irin wannan rashin dukiya ne kuma ya sa Charlotte Lucas, ƙawar Elizabeth mai shekara 27, ta auri Collins ba don so ba, bayan Elizabeth ta ƙi shi.

Darcy mai gidan Pemberley, da fam 10,000 a shekara, ya nemi auren Elizabeth a babi na 34 yana goranta mata ƙasƙancin danginta, ta ce ba ta so. Wasiƙarsa a babi na 35 ta tona asirin Wickham, wani hafsan soja da ya ce Darcy ya zalunce shi, wanda Elizabeth ta gaskata saboda daɗin baki. Daga baya Wickham ya gudu da Lydia daga Brighton, Darcy ya biya bashin Wickham a ɓoye aka ɗaura auren, aka rufa wa gidan asiri.

Austen takan cusa tunanin Elizabeth cikin muryar mai ba da labari ba tare da alama ba, don haka mai karatu yakan ruɗu tare da ita har sai wasiƙar ta iso.