Manhajar Haɗa Kiɗa

Manhajar haɗa kiɗa wata manhaja ce ta kwamfuta ko wayar hannu da ake tsara kiɗa a cikinta, a ɗauki muryar mawaƙi, a tace, a daidaita, har a fitar da waƙa kammalalliya. Turawa na taƙaita sunanta da haruffa uku, DAW. A situdiyoyin Kaduna da sauran biranen Arewa ba kasafai ake jin wannan suna ba, kowa da sunan wadda yake aiki da ita yake kiranta: wannan ya ce FL, wancan ya ce Cubase. Mai aiki da ita shi ne furodusa ko mai haɗa kiɗa, abin da ya haɗa kafin a hau da murya kuma ana ce masa bit.

Asali

Tubali biyu ne suka ɗauki ginin. Na farko shi ne MIDI, wata ƙa'ida da kamfanonin ƙera kayan kiɗa na Amurka da Jafan suka amince da ita a 1983, domin na'urorinsu su riƙa fahimtar juna. MIDI ba sauti ba ne, umarni ne: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka saki. Shi ya sa mutum zai buga kiɗa da muryar fiyano, daga baya ya mayar da shi muryar sarewa ba tare da ya sake bugawa ba. Na biyu shi ne VST, wanda kamfanin Steinberg na birnin Hambug a Jamus ya fito da shi a 1996. Da shi ne ake cusa ƙananan manhajoji, waɗanda masu sana'ar ke kira fulogin, cikin babbar manhaja, wasu su ba da muryoyin kayan kiɗa, wasu su gyara sauti.

A ƙasar Hausa abin bai shigo ta kwamfuta ba, ta fiyano ya shigo. Kaduna ta daɗe da sanin naɗar kiɗa, tun da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a 1962, inda makaɗan gargajiya ke zuwa da kayansu da 'yan amshinsu a naɗe su baki ɗaya. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, fiyanon Yamaha samfurin PSR ya zama gatan waƙoƙin nanaye, mutum ɗaya na yin aikin ƙungiya guda. Kwamfuta ta zo daga baya ta tarar da mabuga fiyano, kuma har yau da yawa cikinsu da yatsu suke buga kiɗa, manhaja aikinta ta naɗa ta gyara.

Sanannun manhajoji

FL Studio ce aka fi ji a bakin matasa masu gambarar zamani da kiɗan rawa. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne ya yi ta, Didier Dambrin ya rubuta ta, ta fara fitowa a ƙarshen 1997 da sunan FruityLoops, aka canza mata suna a 2003. (A kasuwa idan an ce kaya ɗan Beljiyam ne, na hannu ake nufi, ita wannan 'yar Beljiyam ce ta haihuwa.) Abin da ya sa ta shiga ran 'yan koyo shi ne allon 'yan akwatuna. Kowace ganga na da layinta, kowane layi na da akwatuna 16. Yaro ya danna na 1, na 5, na 9 da na 13 a layin babbar ganga, ya saka tafi a na 5 da na 13, ya kunna, sai ga kiɗa na juyawa yana maimaita kansa. Cikin minti biyar wanda bai taɓa riƙe fiyano ba ya ji abin da hannunsa ya yi. Sautin nan mai kauri na amapiano, kiɗan Afirka ta Kudu da ya mamaye wuraren biki, daga wani ɗan fulogin na cikinta mai suna Fruity DX10 aka samo shi. Wanda ya saye ta sau ɗaya yana samun sababbin fitowarta kyauta har abada, abin da yawancin takwarorinta ba sa yi.

Akwai tarko biyu da ɗan koyo ya kamata ya sani. Ta gwaji kyauta ce, tana barin mutum ya adana aikinsa, amma ba za ta sake buɗe masa shi ba sai ya biya. Sannan mafi arha cikin matakanta, Fruity Edition, ba ta ɗaukar murya daga makirufo. Sai an hau mataki na gaba, Producer Edition. Ga wanda waƙa ce burinsa, sayen ta farkon asarar kuɗi ce.

Cubase ta girmi FL Studio. Ta fito a 1989 a kan kwamfutar Atari, kuma kamfanin Steinberg da ya yi ta yanzu mallakar Yamaha ne. Shimfiɗarta irin ta tsohon faifan naɗa ce: layuka a jere daga hagu zuwa dama, wannan na jagoran waƙa, waɗannan na amshi, waɗancan na fiyano. Inda murya ta fi kiɗa yawa, kamar waƙar siyasa ko ta biki ko bege mai baitoci masu tsawo da amshi ninki-ninki, wannan tsari ya fi sauƙin bi da ido. Ba baƙon abu ba ne a ga furodusa ya haɗa bit a FL Studio, ya kwashe shi zuwa Cubase don ɗaukar murya.

Ableton Live 'yar birnin Balin ce, ta fito a 2001. Tana da fuska biyu, ɗaya ta shimfiɗa waƙa daga farko zuwa ƙarshe, ɗaya ta gutsattsarin kiɗa da ake kunnawa ana kashewa nan take, shi ya sa masu kiɗa a dandamali ke sonta. Ƙaramarta, Live Lite, takan zo kyauta tare da wasu fiyanonin MIDI, amma layi 8 kawai take bayarwa. Logic Pro da ƙanwarta GarageBand na kamfanin Apple ne, ba sa aiki sai a na'urorinsa, don haka mai laftof ɗin Windows babu ruwansa da su. Pro Tools, wadda ta fito a 1991, ta manyan situdiyoyi ce, ba ta nan ake fara koyo ba.

Reaper ta cancanci a fi saninta. Kamfanin Cockos na Justin Frankel, wanda ya yi Winamp, manhajar kunna waƙa, shi ya fitar da ita a 2006. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta na ɗaukarta, ana gwada ta cikakkiya kwana 60, lasisin mai aikin kansa kuma dala 60 ne. Aibinta shi ne tana zuwa kusan tsirara, ba muryoyin kayan kiɗa na a zo a gani, sai mutum ya nemo fulogin na kyauta irin su Vital da Surge XT ya tufatar da ita.

Cikin na kyauta akwai LMMS, mai kama da FL Studio wajen haɗa bit amma ba ta ɗaukar murya, da Audacity, wadda ta fito a 2000, gwanar yanka da gyaran sauti amma ba a gina kiɗa da ita. A waya kuwa akwai BandLab ta wani kamfanin Singafo, da FL Studio Mobile. Matasa da dama da waya suke fara ɗanɗana sana'ar kafin laftof ya samu.

Abin da ke yanke zaɓi

Muhawarar wacce ta fi wacce daɗin sauti ba ta da tushe sosai, domin lissafin da suke yi wajen haɗa sauti kusan iri ɗaya ne. Bambancin da kunne ke ji daga fulogin yake, da makirufo, da ɗakin, da hannun mai aikin. Abin da ya fi nauyi a Kaduna shi ne wanda zai koya wa mutum. Har yanzu sana'ar a gaban maigida ake koyonta: yaro ya lizimci wani situdiyo a Tudun Wada ko Kawo ko Unguwar Rimi, yana share ɗaki, yana naɗe wayoyi, yana kallon allo ta bayan kafaɗar oga, har ranar da za a ce masa, "Zauna ka ɗauki amshin nan." Idan oga da Cubase yake aiki, shi kuma ya je gida ya saka Ableton Live, ya raba kansa da mai amsa masa tambaya. Ga kuma darussan YouTube, waɗanda ke cin data, mafi yawansu da Turanci.

Sai na'ura. Laftof na hannu irin wanda ake samu a shagunan titin Ahmadu Bello ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi yana isa, in dai ram ɗinsa ya kai gigabait 8 kuma ma'ajiyarsa SSD ce. Lafiyar batir ta fi kyan jiki muhimmanci, don ana ɗauke wuta ba sallama, kuma aikin da ba a adana ba ya tafi ke nan. Shi ya sa ake son a kunna wa manhaja tsarin adana aiki da kanta duk bayan 'yan mintoci. Janareta na kawo tasa matsalar: ƙararsa na shiga makirufo, wani lokaci kuma wutarsa na sa lasifika gurnani.

Matsalar da ta fi rikita sabon shiga ita ce jinkirin sauti. Mawaƙi ya furta kalma, sai ya ji ta a hedfon bayan ya riga ya wuce ta, amshi ya kasa hawa kan kiɗa. Dalili shi ne kwamfuta na tara sauti a wani ɗan rumbu kafin ta sarrafa shi. A ma'aunin gutsuren sauti 44,100 a daƙiƙa, rumbu mai ɗaukar gutsure 1024 na jawo jinkirin kusan kashi 23 cikin dubu na daƙiƙa, mai 256 kuwa kusan kashi 6, kuma jinkirin shiga daban, na fita daban. Maganin shi ne direban ASIO, 'yar manhajar da ke gajarta hanyar da sauti ke bi a kwamfuta, da kuma sawun kad na waje, wato akwatin da ake jona makirufo da hedfon, a rage rumbun lokacin ɗaukar murya, a ƙara shi lokacin miksin, wato daidaita layukan waƙa, don kada kwamfuta ta riƙa sarƙewa. Sawun kad ɗin ne kuma ke ba makirufon situdiyo wutar bolt 48 da yake buƙata.

Yawancin masu farawa da kwafin da aka fasa, wato kirak, suke tashi, saboda farashin da dala ne kuma biya ta intanet da katin naira ba kullum yake yiwuwa ba. Ban da keta haƙƙin mallaka, irin wannan kwafi kan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, kuma ba a sabunta shi.

Manhaja da kiɗan Hausa

Duk waɗannan manhajoji an gina su ne a kan ma'aunin kiɗan Turai, mai matakan murya 12 da bugu huɗu-huɗu. Kiɗan Hausa da yawa a kan uku-uku yake tafiya, don haka wanda ya bar akwatunan nan 16 yadda ya same su zai ji kiɗansa ya ƙi rausaya. Sai ya mayar da su 12, ko ya canza ma'aunin zuwa 6/8.

Kalangu ya fi kowa gardama. Makaɗi na matse tsarkiyarsa a hammata yana saki, murya na hawa tana sauka cikin bugu ɗaya, da haka yake kwaikwayon karin harshen Hausa har a ji ya kira sunan mutum. Bugun kalangu guda da aka naɗa aka jera a akwatuna ba ya magana, sai dai ya yi ta ƙwanƙwasa. Wasu na lanƙwasa sautin da 'yar tayar da ke gefen fiyano, wasu na yanko jimla sukutum daga bugun makaɗi su maimaita ta, masu hali kuma su ɗauko makaɗin da kansa ya zauna gaban makirufo. Haka goge da kukuma da algaita, waɗanda muryarsu kan faɗa tsakanin matakan fiyano. Auto-Tune, fulogin ɗin daidaita murya da kamfanin Antares ya fitar a 1997, yana jan kowace murya zuwa matakin da ya fi kusa. Idan aka tsananta shi a kan goge, zaƙin ya gudu.

Fayil ɗin aiki na wata manhaja ba ya buɗuwa a wata: na FL Studio na ƙarewa da flp, na Cubase da cpr, na Ableton Live da als. Idan za a kai waƙa wani situdiyo don miksin, ana fitar da kowane layi daban a matsayin fayil ɗin sauti na WAV, dukkansu su faro daga daƙiƙa ɗaya. Minti guda na WAV mai ingancin faifan CD na cin kusan megabait 10, don haka waƙar minti biyar mai layi 30 ta fi ƙarfin a tura ta da data cikin sauƙi. Galibi a filashi ake sakawa a hau Keke Napep a kai.