Wankin ƙwaƙwalwa: kalmar da jaridun Amurka suka yi rainonta

Idan yaro ya shiga wata ƙungiya ya daina jin maganar iyayensa, yanzu sai ka ji an ce an yi masa wankin ƙwaƙwalwa. Abin nufi, an goge masa tunaninsa na da, an cusa masa wani, har ya zama ba shi ke da iko da kansa ba. Kalmar ba tsohuwa ba ce, kuma a shafukan jaridun Amurka ta tashi.

A watan Satumba na 1950 wani ɗan jarida, Edward Hunter, ya buga labari a Miami News kan yadda 'yan gurguzu a ƙasar Sin suke tilasta wa jama'a bin aƙidarsu. Lokacin Mao, jagoran 'yan gurguzun Sin, bai cika shekara da kama mulki ba, yaƙin Koriya kuma yana wata na uku. Hunter ya ce daga bakin Sinawa ya ɗauko kalmar, su suna cewa "shi nao", wato wanke ƙwaƙwalwa. Shi ɗin ma ba ɗan jarida ne zalla ba, ya yi aiki da hukumar leƙen asirin Amurka ta OSS a Yaƙin Duniya na Biyu.

Fursunonin yaƙi ne suka sa kalmar ta karaɗe Amurka. A farkon 1953 aka ji Kanar Frank Schwable, sojan Amurka da aka kama a Koriya, ya amsa cewa Amurka ta yi amfani da makamin ƙwayoyin cuta, maganar da ya janye da ya dawo gida. Bayan an tsagaita wuta a watan Yuli, sojojin Amurka 21 suka ƙi komawa, suka zaɓi Sin. Wannan ya yi wa Amurkawa ɗaci. Ta yaya ɗansu zai zaɓi ƙasar Mao da hankalinsa? Sai jaridu suka samu amsa mai sauƙi: ba da hankalinsa ba ne, taɓa masa ƙwaƙwalwa aka yi.

A nan zaɓen gaɓar yake da muhimmanci. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce ta jiki, abu ne da likita zai iya buɗewa. Da aka jingina maganar da ita, aka kuma riƙa kawo gwajin da Pavlov, masanin kimiyya ɗan Rasha, ya yi da karnuka, inda ya saba musu zubar da yawu da jin alamar zuwan abinci, sai mai karatu ya ɗauka maƙiya sun gano wani ilimin sirri na sarrafa mutum kamar inji. Mu da muke da "hure kunne" mun san bambancin. Wanda aka hure wa kunne yana nan da hankalinsa, ana iya zama da shi a ji abin da ya ja shi. Wanda aka ce an wanke wa ƙwaƙwalwa kuwa, an riga an yanke cewa ba shi da abin faɗi, kuma wannan ne ya sa nake ƙin yadda muke saurin jefa kalmar a kan matasanmu.

Masana da suka zauna da waɗanda suka fito daga hannun Sinawa, irin su Robert Lifton da Edgar Schein, ba su tarar da wani sirri ba. Yunwa suka gani, da hana barci, da kaɗaici, da matsin abokan ɗaki, da sa mutum ya yi ta rubuta laifinsa har ya gaji. Akasarinsu da suka samu sarari sun koma tunaninsu na da. Ko sojojin nan 21, yawancinsu sun baro Sin daga baya.

Amma tsoron ya riga ya yi aikinsa. A watan Afrilu na 1953 shugaban hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, Allen Dulles, ya yi jawabi kan abin da ya kira yaƙin ƙwaƙwalwa, kwana uku bayan haka ya amince da shirin MKUltra. A ƙarƙashinsa aka ɗura wa mutane ƙwayar LSD mai jirkita hankali, wasu ba tare da saninsu ba, ana neman dabarar da ake zargin maƙiya da ita. A 1973 aka ba da umarnin lalata takardun shirin, sai a 1975 binciken Majalisar Dattawa ya fara fito da abin da ya rage.