Noman wasabi da girkin Japan marar nama: tambayoyi da amsoshi

Tambaya: Mene ne wasabi, kuma me ya sa ake cewa yawancin na kanti ba shi ba ne?

Amsa: Tsiro ne ɗan asalin Japan, dangin kabeji, wanda ke fitowa a gefen ƙoramu masu sanyi a cikin duwatsu. Abin da ake gurzawa mutane kan kira shi saiwa, amma kara ne mai kauri da ganye ke fitowa a kansa. An fara nomansa wajen shekarar 1600 a ƙauyen Utogi da ke yankin Shizuoka, kuma har yau Shizuoka da Nagano ne suka fi suna a kansa. Koren ƙullin nan da ake matsowa daga bututu kuwa, yawancinsa hosradish ne, wata farar saiwa mai yaji, da mustad da launi. Wanda ya ƙaurace wa abin da ya fito daga dabba ya karanta jikin kwalin, domin wasu ana zuba musu sukarin madara.

Tambaya: Zai yi a Kano ko Maraɗi?

Amsa: A fili dai ba zai yi ba. Wasabi yana son iskar da ke tsakanin digiri 8 zuwa 20 a ma'aunin Selshiyas. Idan zafi ya wuce 25 sai ganye ya yi yaushi, girma ya tsaya, kara ya soma ruɓewa. Sanyin hunturu na wata biyu ko uku ne, shukar kuwa tana buƙatar wata 18 zuwa 24 kafin a cire. Ko a Jos rana takan wuce wannan iyaka. Bahaushen da ke zaune a Ingila ko Jamus ko arewa maso yammacin Amurka shi ne zai iya gwadawa a bayan gida. Na ƙasa mai zafi ya wuce zuwa tambayoyin girki, can ne rabonsa yake.

Tambaya: Dole sai da ruwa mai gudu?

Amsa: A'a. Hanya biyu ce. Akwai ta ruwa, inda ake shimfiɗa duwatsu da tsakuwa da yashi hawa-hawa, ruwan maɓuɓɓuga mai sanyin digiri 12 zuwa 15 yana ratsa su dare da rana. Wannan ce ke ba da kara mai kauri, kuma a 2018 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya yadda manoman Shizuoka ke yin ta cikin gadon noma na duniya. Akwai kuma ta ƙasa, wadda ake yi a gona ko a tukunya. Karanta bai kai na ruwa girma ba, amma ganyen yana da yawa, kuma ita ce ta dace da gida.

Tambaya: Yaya ake dasa shi a tukunya?

Amsa: A nemi dashe, kada a wahala da iri, domin irin wasabi da zarar ya bushe ya mutu. Nau'in Daruma ya fi Mazuma haƙuri da saurin girma, shi ya kamata sabon shiga ya fara da shi. A samu tukunya mai cin lita 10, zurfinta kamar santimita 30, mai huji da yawa a ƙasa. A haɗa takin ganye da ya ruɓe sarai kashi biyu da ƙananan tsakuwa kashi ɗaya. Wajen dasawa a rufe jijiyoyin kawai, a bar kan karan, inda sabon ganye ke ɓullowa, a saman ƙasa. Wanda ya binne wannan wuri ya kashe shukarsa da hannunsa, kuma wannan ne kuskuren da aka fi yi.

Sai inuwa: gindin bango ko ƙarƙashin bishiya, inda rana ba ta dukan ganyen kai tsaye. Ƙasar ta kasance da danshi kullum, amma kada a ɗora tukunyar a kan faranti mai riƙe ruwa. Jijiyar wasabi tana son ruwa mai iska a cikinsa. Ruwan da ya kwanta kuwa shaƙe ta yake yi.

Tambaya: Ganye ya yi rawaya, ko ya yi huji. Me ya faru?

Amsa: Idan ganyen waje ɗaya ko biyu ne, tsufa ne, a tsinke. Idan duka suka kwanta kuma gindin ya yi laushi yana wari, ruwa ya yi yawa ko zafi ya kama shi. A tuge, a yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa mai tsabta, a sake dasawa a sabuwar ƙasa. Huji aikin dodon koɗi ne ko tsutsar kabeji, a tsince su da hannu da daddare. Baƙin zane a cikin karan kuwa cutar funfuna ce, kuma kada a ɗauki 'ya'yan wannan shukar a dasa.

Tambaya: Yaya ake gurza shi?

Amsa: A kankare ƙullutun jikinsa, a fara daga ɓangaren ganye, ana juya shi a hankali a kan magurji mai ƙananan haƙora har ya zama ƙulli. Yajin ba ya nan sai an farfasa ƙwayoyin tsiron sinadarai biyu sun haɗu, shi ya sa magurjin kuɓewa mai manyan huji ba ya fito da shi. A tara ƙullin, a bar shi minti uku zuwa biyar. Bayan kamar minti 20 ƙamshin ya tafi, don haka a gurza daidai ci. Magurjin gargajiya na Japanawa da fatar kifin shak ake yin sa. Marar cin dabba ya nemi na ƙarfe ko na tangaran. Ragowar karan a naɗe a jiƙaƙƙiyar takarda a sa a firiji, yakan kai mako biyu.

Ganyen ma abinci ne, kuma ba sai an jira shekara biyu ba. A yanka, a murza da gishiri, a zuba ruwan zafi na digiri 70 zuwa 80 na daƙiƙa goma, a tsame, a rufe a kwalba a girgiza, sannan a zuba shoyu, wato romon waken soya na Japan, ya kwana a firiji. Tafasasshen ruwa kashe yajin yake yi.

Tambaya: Ina dabba ke ɓuya a girkin Japan?

Amsa: A cikin dashi, romon da kusan kowace miya ke tsayawa a kansa, domin da busasshen kifi aka saba yin sa. Sufayen addinin Buddha sun daɗe da nasu, a girkin da ake kira shojin ryori. A jiƙa giram 10 na kombu, busasshen ganyen teku, a lita ɗaya ta ruwa na awa ɗaya, a ɗora a wuta kaɗan, a tsame shi kafin ya tafasa. Idan ya tafasa romon zai yi yauƙi da ɗaci. A gefe guda a jiƙa busasshiyar laimar kwaɗi ta shiitake guda uku a ruwan sanyi ta kwana, a tace, a haɗa ruwan biyu. Kowanne shi kaɗai salam yake, amma haɗuwarsu tana ninka ɗanɗanon. A kombu ɗin ne Kikunae Ikeda ya gano sinadarin wannan ɗanɗano a 1908, wanda daga baya aka yi farin magi da shi.

Musulmi kuma ya kula da mirin da sake, ruwaye biyu da ake yi da shinkafa ana zubawa a girki, akwai giya a cikinsu. Ƙaramin cokalin sukari a babban cokalin ruwa yana maye gurbin mirin a yawancin girki.

Tambaya: Wane abinci za a fara da shi?

Amsa: Da abin da muka sani. Tofu awara ce, sai dai Japanawa sukan ci ta da sanyi ba a soya ba, da ɗigon shoyu da ɗan wasabi a kai. Sai goma-dofu, awarar riɗi, wadda ba ta da waken soya ko kaɗan. A markaɗa riɗi giram 50 har ya yi sumul, a dama da sitacin saiwar tsiron kuzu giram 50 da dashi mililita 500, a tace. A ɗora a matsakaiciyar wuta ana tuƙawa, idan ya kama a rage wutar a ci gaba minti 15, kamar talgen tuwo. Wanda ya sauke da wuri zai ji garin a harshe. A juye a jiƙaƙƙen kwano, a ɗora kwanon a ruwan sanyi na awa biyu, a yanka. Idan babu kuzu, sitacin masara zai yi, sai dai ya fi saurin karyewa. Na rogo kuma danƙo yake yi, don haka a haɗa su rabi da rabi.